Ɓarayin Zaune a Cikin Kwamfuta

Yau dai za mu ɗan jingine maganar littattafai da marubuta, saboda akwai wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na lura duk sa'ad da aka taso da shi sai a juya laifin a kan wanda aka cuta. Maganar ita ce ta manhajojin nan da ke shiga kwamfutar mutum ba gayyata, su kafa shago a saman burauzarsa, su canza masa shafin farko, su riƙa watso masa tallace-tallace ta ko'ina, sannan a ɓoye su riƙa kai rahoton duk inda ya leƙa ga wasu mutane da bai taɓa gani ba. In ka yi ƙorafi sai a ce maka ai kai ka danna "Na yarda". Ni kuwa na ce wannan rainin hankali ne, kuma ga dalilaina.

Duk wanda ya yi zamanin kafe a Kano ko Kaduna ko Zariya a shekarun 2000 ya san abin da nake nufi. Ka sayi tikitin awa ɗaya don ka duba wasiƙa a Yahoo, ka zauna gaban kwamfutar da kusan rabin fuskarta layukan maɓallai ne an jera su kamar kantar mai tireda. Waɗannan su ake kira tulba, kuma mai kafen kansa in ka tambaye shi wa ya sa su, sai ya ce haka ya gan su. Kana buɗe shafi ɗaya, tagogi uku su faɗo: wannan ya ce ka ci caca, wancan ya ce kwamfutarka ta kamu da cuta ka danna nan, na ukun kuwa abin da ido bai kamata ya gani ba. Ka rufe ɗaya, biyu su buɗe. Kafin wasiƙarka ta fito rabin awarka ta tafi, kuma ba wanda zai mayar maka da ko sisi. Mu a nan muna cewa layi ne ba shi da kyau. Ashe layin ma rabonsa ake yi da mu, domin kuwa waɗannan baƙi da shi suke sauko da tallansu, da shi kuma suke aika rahotonsu.

Mutane da dama sun ɗauka wannan aikin wasu yara ne marasa aikin yi da ke ɓoye a ɗaki suna ɓarna don nishaɗi. Ko kusa. Kamfanoni ne masu rajista, masu ofis da lauyoyi da masu zuba jari. Shi kansa tallan da ke faɗowa a taga ta daban, a wani kamfanin Amurka mai suna Tripod aka ƙirƙiro shi a ƙarshen shekarun 1990, kuma wanda ya rubuta shi, Ethan Zuckerman, ya fito a mujallar The Atlantic a 2014 ya nemi afuwar duniya. Shi ke nan ya ji kunya. Waɗanda suka ɗauki dabarar suka mai da ita sana'a kuwa har yau ban ji wanda ya nemi gafarar kowa ba.

Ɗauki kamfanin Gator, wanda aka kafa a Kalifoniya a 1998. Kyauta yake ba ka wata 'yar manhaja mai tuna maka kalmomin sirri da cike maka fom. To amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Da zarar ta zauna sai ta riƙa bin sawunka, in ka shiga shafin wani kamfani ta watso maka tallan kishiyarsa a kai. A 2002 manyan jaridun Amurka, ciki har da New York Times da Washington Post, suka maka shi a kotu saboda yana liƙa tallansa a kan shafukansu. Ka san abin da Gator ya yi da sunansa ya ɓaci? A 2003 ya kai ƙarar wani kamfani mai suna PC Pitstop don ya kira manhajarsa 'yar leƙen asiri, sannan ya canza suna ya koma Claria. Kura ta yafa fatar akuya ke nan, ta kuma ce duk wanda ya kira ta kura sai sun haɗu gaban alƙali. Akwai kuma BonziBuddy, wani goggon biri mai launin shunayya da ke tsalle-tsalle a fuskar kwamfuta yana ba yara dariya, alhali yana tattara bayanai. A 2004 hukumar kula da ciniki ta Amurka, wato FTC, ta ci masu shi tarar dala 75,000 saboda karɓar bayanan ƙananan yara ba da izinin iyayensu ba. Ita kuwa Kazaa, da samari ke sauko da waƙoƙi da ita, da 'yan rakiyarta take zuwa, in ka kore su ta ƙi aiki.

Abin ya kai inda a 2004 kamfanin AOL da wata ƙungiyar tsaron intanet ta Amurka suka bi gidaje suna duba kwamfutocin mutane, suka tarar kashi 80 cikin 100 suna ɗauke da irin waɗannan manhajoji, kuma akasarin masu su ba su ma san suna ciki ba. Riƙe wannan magana ta ƙarshe, malam mai karatu, don a kanta gardamar take. Mutum ya yarda da abu, amma bai san yana nan ba? Wace irin yarda ce wannan?

Hujjarsu dai ɗaya ce: an nuna maka yarjejeniya, ka danna maɓalli. To mu duba yarjejeniyar. Rubutu ne mai tsawon gaske da Turancin lauyoyi, a cikin wani ɗan akwati da ba ya nuna fiye da layuka kaɗan a lokaci guda, kuma maganar da ta shafe ka tana can ƙasa an binne ta. Su da kansu sun san ba mai karantawa. Shi wannan PC Pitstop ɗin ya taɓa yin gwaji: ya saka wani sharaɗi cikin yarjejeniyar manhajarsa cewa akwai tukwici ga wanda ya karanta ya aiko da wasiƙa. Sai da aka yi wata huɗu, mutum sama da 3,000 suka sauke manhajar, kafin mutum ɗaya ya lura ya karɓi dala 1,000. Waɗannan fa masu jin Turanci ne tun daga nono. Ina kuma ga ɗan'uwanmu da ya koyi kwamfuta da ka, wanda abin da ya sani shi ne a yi ta danna maɓallin gaba har a gama?

A kasuwarmu, in mai hatsi ya zuba mai kyau a saman buhu ya ɓoye ruɓaɓɓe a ƙasa, sunan abin algus, ko da kuwa mai saye ya ce ya saya, shi ya ce ya sallama. Ba wanda zai ce ai da ka zazzage buhun ka duba. Ciniki a wurinmu sai an san abin da ake saye da abin da za a biya. A nan kuwa an ce maka kyauta ne, alhali kuɗin da za ka biya shi ne sirrinka da lokacinka da lafiyar na'urarka, an kuma ɓoye maka farashin da gangan. Addininmu ya hana shiga gidan mutum ba sallama da neman izini, ya hana bin diddigin asirin mutane. In wani ya yi sallama a ƙofar gida ya ce ruwa zai sha, ka ba shi, sai ka wayi gari ka gan shi a ƙuryar ɗakinka yana karanta wasiƙunka, sallamar da ya yi ba ta wanke shi ba.

Hasali ma sau da yawa ko sallamar ba a yi. CoolWebSearch, wadda ta addabi duniya daga 2003, ta ɓarakar da ke jikin Internet Explorer take shigowa, buɗe shafi kawai ya isa. In ka goge ta ta dawo, har sai da wani ɗalibi ɗan ƙasar Holan, Merijn Bellekom, ya zauna ya rubuta manhaja takanas don tumɓuke ta. A 2005 kuwa wani masani, Mark Russinovich, ya bankaɗo cewa fayafayen waƙa na kamfanin Sony BMG suna dasa wata ɓoyayyiyar manhaja a kwamfutar duk wanda ya saka su, wai don hana kwafa, manhajar da ta buɗe wa masu ƙwayoyin cuta ƙofa. Daga baya masu bincike a jami'ar Princeton suka nuna cewa wani nau'in fayafayen yana dasa nasa ko da ka danna ba ka yarda ba. Mutum ya sayi faifai da kuɗinsa na halal, bai saci komai ba, aka saka masa da wannan. Sai a gaya mini inda yarda take a nan.

Na san wani zai ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari: masu son banza, masu sauke manhajar sata da finafinan sata, su suka jawo wa kansu. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma ba zan kare son banza ba. Amma me za a ce game da Java? Manhaja ce ta halal ta babban kamfanin Oracle, wadda bankuna da ofisoshi suka dogara da ita. Shekara da shekaru, duk sa'ad da ka zo sabunta ta don toshe wata ɓarakar tsaro, sai ka tarar an riga an yi maka alama a akwatin karɓar tulbar Ask. A 2013 ɗan jarida Ed Bott ya nuna cewa tulbar takan yi lamɓo na minti goma kafin ta shiga, ta yadda in ka duba nan take ba za ka gan ta ba. Wato kana ƙoƙarin kulle ƙofa, mai sayar maka da kwaɗon yana tura maka baƙo ta taga. Download.com, inda mutane ke zuwa don gudun shafukan banza, ya fara naɗe manhajojin mutane da irin wannan tarkace a 2011. SourceForge ma ya bi sahu, har a 2015 ya yi wa manhajar zane ta GIMP haka ba da yardar masu ita ba. Lenovo kuwa ya wuce su duka: a 2015 aka gano yana sayar da sababbin kwamfutoci dal a kwali da manhajar talla mai suna Superfish a ciki, wadda ke iya leƙa ko shafin bankinka, ta kuma bar ƙofar a buɗe ga duk ɓarawon da ya gane dabarar. Wanda ya sayi sabuwar kwamfuta a kwali, wane son banza ya yi?

Wasu kuma za su ce to mene ne a ciki, talla ne kawai, ka rufe ka wuce. Bari in ba su labarin wata malamar makaranta a garin Norwich na jihar Connecticut a Amurka. A watan Oktoba na 2004 tana riƙon wani aji na yara 'yan shekara goma sha biyu zuwa sha uku, sai kwamfutar ajin ta shiga watso hotunan batsa, tana rufewa suna buɗewa. Aka kai ta kotu. A watan Janairu na 2007 aka same ta da laifin jefa yara cikin haɗari, hukuncin da zai iya kai ta shekara 40 a kurkuku. Sai da masana tsaron kwamfuta suka taso suka nuna cewa na'urar na ɗauke da manhajojin talla, kuma shaidar da aka gabatar a kanta ba daidai ba ce, sannan alƙali ya soke hukuncin a watan Yuni na shekarar. Duk da haka ba ta fita salin alin ba. A 2008 ta amsa wani ƙaramin laifi don a rufe maganar, ta biya tarar dala 100, ta kuma rasa lasisin koyarwarta. Shekara huɗu tana cikin wannan uƙuba saboda tallan da wani ya ci kuɗinsa.

Yanzu ka ɗauko wannan ka ajiye a garinmu, inda mutunci ya fi dukiya. Matar aure ce mijinta ya ɗauki na'urarta hoton tsiraici ya faɗo. Ko malamin Islamiyya ne a gaban ɗalibansa. Ko yarinya ce mahaifinta ya leƙo daidai lokacin. Wa zai tsaya sauraron bayanin cewa manhaja ce? Wane masani zai zo ya wanke su? Zargi kaɗai ya isa ya kashe aure, ya raba mutum da aikinsa. Wanda ya ce talla ne kawai, bai taɓa tsayawa ya yi rantsuwa a kan abin da bai aikata ba.

Su kuma masu laifin me aka yi musu? Kamfanin Zango, wanda FTC ta ce an dasa manhajarsa sama da sau miliyan 70, ta kuma watso tallace-tallace biliyan 6.9, ya biya dala miliyan 3 a 2006 ba tare da ya amsa laifi ba. DirectRevenue ya biya miliyan 1.5 a 2007, har ɗaya daga cikin kwamishinonin hukumar, Jon Leibowitz, ya ƙi amincewa da sulhun, don a ganinsa an bar masu kamfanin da sama da dala miliyan 20 a aljihu. Manyan kamfanonin da ke ba su tallan kuwa, waɗanda kuɗinsu ne ke ciyar da sana'ar gaba ɗaya, uku daga cikinsu, Priceline da Travelocity da Cingular, jimillar dala 100,000 suka biya jihar New York a 2007. Amma wani saurayi ɗan Kalifoniya da ya riƙa kutsawa kwamfutocin mutane yana dasa irin waɗannan manhajoji don kamfanonin talla su biya shi lada, shi wata 57 aka yanke masa a kurkuku a 2006. Ya cancanci hukuncinsa, ban musa ba. Sai dai ɗan aike ya tafi gidan yari, wanda ya aike shi ya biya tara daga cikin riba ya koma ofis. Tarar da ba ta kai riba ba ai kuɗin haya ce.

Har masu gadin ma ba su fita ba. Microsoft ya sa abin toshe tagogin talla a Internet Explorer a 2004, ya sayi wani kamfanin yaƙi da manhajojin leƙen asiri a ƙarshen shekarar, aka yi ta yabo. Sai ga shi a 2005 an lura manhajar tasa ta daina ba da shawarar a cire kayan Claria, ta koma cewa a ƙyale su, a daidai lokacin da jaridu ke ba da labarin yana cinikin sayen kamfanin. Avast kuwa, wadda mutanenmu da yawa suka sa don ta tsare su, a 2020 aka fallasa cewa wani reshenta mai suna Jumpshot yana sayar da tarihin shafukan da masu amfani da ita suka ziyarta. A 2024 FTC ta sa ta biya dala miliyan 16.5. An ba kura ajiyar nama.

Kada wani ya ce wannan tsohon labari ne. Gaskiya ne tulba ta mutu, Zango ya rufe a 2009, Internet Explorer ma an yi masa ritaya a 2022, kafe kuma sai ɗai-ɗai. Amma sana'ar ba ta mutu ba, ƙaura ta yi ta koma aljihunmu. A 2020 wani kamfanin tsaro mai suna Upstream ya ba da rahoton cewa ya sami manhajar Triada a cikin wayoyin Tecno W2 kimanin 53,000 da aka sayar a ƙasashe irin su Habasha da Ghana da Kamaru da Afirka ta Kudu, tana ƙoƙarin yi wa mutane rajistar ayyukan da ke cin kati ba da saninsu ba. Kamfanin da ke ƙera wayar ya ɗora laifin a kan wani da yake sayen kaya a wurinsa. Ko ma wane ne, talakan da ya tara kuɗi ya sayi waya mai araha shi ya biya. Ga kuma manhajojin ba da bashi a Najeriya, jikokin Gator na haƙiƙa: ka danna "Na yarda" don ka ranci 'yan dubbai, su kwashe lambobin da ke wayarka, in ka yi jinkirin biya su aika wa surukanka da abokan aikinka saƙon cewa kai ɓarawo ne. Hukumar NITDA ta ci ɗaya daga cikinsu, Soko Lending, tarar naira miliyan 10 a 2021, kuma sai a 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotunan mutane. Hujjarsu kuwa ita ce dai ta shekara ashirin da suka wuce: ai kai ka yarda.

Mu ma a gida akwai masu laifi, kuma ba zan tsallake su ba. Mai gyara ko mai loda manhajoji a kasuwa da zai karɓi wayar dattijo ko ta matar aure ya cika ta da tarkacen da shi kansa bai san asalinsu ba, don dai a ga ya yi aiki, ya ci amana. Wanda aka ba na'ura ya gyara, amana aka ba shi kamar yadda ake ba tela yadi. Haka masu shafukan labarai da na littattafai da ke karɓar kowane irin talla, har mai karatu ya zo neman babi na gaba ya ƙare a shafin caca ko na batsa. In ka tara jama'a da sunan adabi sannan ka sayar da su ga irin waɗannan, kai ma ɗan aikensu ne, ko ka sani ko ba ka sani ba.

Abin da nake kira a kai ba shi da wuya. A daina karɓar danna maɓalli a matsayin yarda matuƙar ba a faɗa wa mutum a fili, a gajarce, da harshen da yake ji, abin da za a ɗauka daga gare shi ba. Akwatin da aka riga aka yi wa alama yaudara ce, a kira ta da sunanta. Abin da ya shiga da dannawa ɗaya ya fita da dannawa ɗaya. Najeriya ta sami dokar kare bayanan jama'a a watan Yuni na 2023, da hukumar da za ta aiwatar da ita. To mu ga tarar da za ta fi riba yawa, mu kuma ga an bi kuɗin har zuwa kan mai ba da tallan, don shi ne uban tafiyar.

Kai kuma ɗan'uwa, kafin hukuma ta farka, rigakafi ya fi magani. Sauke manhaja daga wurin masu ita. In kana saka ta, duba kowane akwati kafin ka wuce, ka cire alamar duk abin da ba ka nema ba. Shafin da ya ce wayarka ta kamu da cuta ka danna nan, shi ne cutar. Shafin da ya nemi izinin aiko maka da sanarwa, ka hana shi. Manhajar tocila ko ta kalkuleta da ta nemi lambobin wayarka, ka tambayi kanka me za ta yi da su. In kuma ka ga abin kunya ya faɗo a na'urar ɗanka ko matarka ko ɗalibinka, ka yi bincike kafin ka yanke hukunci, don mai yiwuwa shi ma cutarsa aka yi. Allah ya tsare mana mutuncinmu, ya raba mu da sharrin ɓarayin zaune. Wassalam.